Ashe Ruwa Ke Haifar Wuta?

 Na san wasunku sun yi ta cigiyata, don na dawo na tarar da wasiƙu tuli guda suna jirana, wata ma har da tambayar wai ko Anti yaji ta yi. To ku kwantar da hankalinku, tafiya ce ta kama ni. Autarmu ce ta haihu a can ƙasar Kanada inda take zaune da maigidanta, Hajiyarmu kuwa ciwon ƙafa ya matsa mata ba ta iya doguwar tafiya, shi ne aka ce ni in je in yi mata zaman jego. Wata biyu cur na yi ina dama kunun kanwa a birnin Toranto.

Tun da an ce mai tafiya ba ya dawowa hannu rabbana, ga tsarabarku nan. Labarin wani gidan tarihi ne da na shiga ba da son raina ba, na fito jikina a sanyaye.

Bayan mun yi arba'in sai mijin Auta ya ce, "Yaya, ai ba kya koma gida ba ki ga Nayagara ba, sai a yi mana dariya." Ni dai abin da na sani game da Nayagara bai wuce hotonta da nake gani a kalanda ba, da kuma labarin cewa can amare da angwayen Turawa suke zuwa cin amarci. Muka ɗau jaririya muka shiga mota. Tafiyar kimanin kilomita 130 ce, ba mu cika awa biyu ba muka isa.

'Yan mata, gani ya kori ji. Kogi ne guda da ya raba Kanada da Amurka, ya taso daga wani makeken tafki zai faɗa wani, sai a tsakiyar hanya ƙasa ta yanke masa, ya rufto gaba ɗaya daga tsayin da ya haura mita 50. Bakin da yake zubowa a ɓangaren Kanada a lanƙwashe yake kamar takalmin doki. Ƙarar kuwa sai kin ɗaga murya sannan na kusa da ke zai ji ki. Ga masoya nan bibbiyu ko'ina ana ta ɗaukar hoto. Ni kam na ce alhamdulillahi na gani, a samo mana inuwa mu buɗe kular abinci.

Sai Auta ta kamo hannuna ta ce, "Yaya, wannan ai kwalliya ce kika gani, zo in nuna miki inda aikin yake." Kun san ita injiniyan lantarki ta karanta, ba ta ganin waya ta wuce. Na ce, "Ke Auta, ni da na baro ɗaukewar wuta a gida, shi ne za ki kai ni kallon janareto?" Ta ce ai an riga an sayi tikiti. Haka na bi ta ina ƙunƙuni.

Tafiyar 'yan mintuna muka yi a ƙafa ta bakin kogin, sama da inda ruwan ke faɗawa, sai ga wani dogon gini na dutse. Wallahi da ni kaɗai ce cewa zan yi kotu ce ko laburare. Ashe tsohuwar tashar wutar lantarki ce. An fara gina ta a 1901, ta fara ba da wuta a farkon 1905, ta yi ta aiki har shekara ɗari da ɗoriya kafin a rufe ta a 2006. Maimakon a bar ta ta zama gidan jemagu ko a sayar da ƙarafan ga 'yan gwangwan, sai hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na Nayagara ta karɓe ta, ta gyara, ta buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 2021.

Muna shiga na yi turus. Wani zaure ne mai tsawon gaske, ga janareto goma sha ɗaya a jere, kowanne kamar rumbun hatsin babban manomi, an shafe su da fenti suna sheƙi. Ba a rana ɗaya aka kafa su ba, da biyu aka fara, ana ƙarawa a hankali har na ƙarshe ya shiga a 1924. Duk sun yi tsit yanzu, amma an ce lokacin da suke aiki kowanne yana juyawa sau 250 a minti ɗaya.

Nan fa na yi tambayar da na daɗe ina jin kunyar yi. Na ce, "Auta, tsakani da Allah, ni ruwa na san shi da kashe wuta. To wai a ina wutar take ɓuya a cikin ruwan da har ake tace ta?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, mijinta kuwa ya kau da kai don kada in ga tasa. Ta ce, "Yaya, babu ko ƙyallin wuta a cikin ruwa. Kin tuna keken Baba?"

Na tuna kuwa. Wani baƙin keke ne mai fitila a gaba, da wata 'yar kwalbar ƙarfe da ake kwantar da kanta a jikin taya. In Baba yana gudu fitilar ta yi haske tar, in ya rage gudu ta yi ja, in ya tsaya ta mutu. Auta ta ce to cikin 'yar kwalbar nan babu komai sai maganaɗisu da wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Duk lokacin da maganaɗisu ya juya kusa da naɗin waya, lantarki zai gudana a cikin wayar. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Faraday ne ya gano haka a 1831, shi kuwa ɗan maƙeri ne wanda bai yi wani dogon karatu a aji ba, a shagon ɗinkin littattafai ya fara karance-karancensa. Ta nuna rumbunan nan ta ce, "Waɗannan duk 'yar kwalbar keken Baba ce aka girmama. Abin da ya rage shi ne wa zai taka feda dare da rana bai gaji ba. Shi ne aka ba ruwa aikin."

Ga yadda abin yake, ku biyo ni a hankali. Ana karkato wani ɓangare na kogin ya shigo ta gefen ginin, a tace shi daga itatuwa da ƙanƙara. Daga nan ya faɗa cikin wasu manyan bututun ƙarfe da suka miƙe tsaye zuwa ƙarƙashin ƙasa. A can ƙasa akwai farfela, ruwan ya dake ta da nauyinsa ta kama juyawa. Farfelar tana haɗe da wani dogon sandan ƙarfe da ya taho har sama, shi ke juya janareton da muke tsaye kusa da shi. Ruwan kuma in ya gama aikinsa sai ya bi ta wani rami ya koma kogi abinsa, ba a ƙona shi ba, ba a rage shi ba. Tsayin da ya faɗo da yawan da ya zubo su ne jarin. Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan tushen, sauran lissafi ne." Na ji haushin kaina, shekara arba'in da wani abu ina cewa an kawo wuta an ɗauke wuta, ban taɓa sanin abin da ake kawowar ba. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu.

Muka zaga muka ga allunan da ma'aikata ke sarrafa tashar, an yi su da dutsen marmara, ga agogunan awo da manyan makunnai masu hannu. Na ɗauka gayu ne ya sa aka yi da marmara, ashe don lantarki ba ya bi ta cikinsa ne. Ga kuma tsofaffin hotuna da bayanai a ko'ina, a nan na ji labarin rigimar da aka sha kafin a kai ga haka.

Shi Thomas Edison da ake yawan ambata, ya buɗe tasharsa a birnin New York a 1882, amma irin wutarsa mai miƙewa hanya ɗaya ce, ba ta yin nisa, in ta wuce kamar mil guda sai ta raunana. To ina amfanin ruwan Nayagara in wutar ba za ta kai inda mutane suke ba? Sai ga wani saurayi Nikola Tesla, ɗan ƙabilar Sabiya da ya zo Amurka a 1884, da dabarun amfani da wuta mai kai-da-komo. Ita wannan ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta nesa, in ta isa gari a sake sauke ta daidai amfanin gida. Wannan taransifomar ta bakin layinku da ake karo-karo in ta ƙone, aikinta ke nan. Wani attajiri kuma injiniya George Westinghouse ya sayi dabarun Tesla, aka yi ta gwabzawa da ɓangaren Edison, a ƙarshe su Tesla suka yi rinjaye. A watan Nuwamba na 1896 wutar da aka samar a wata tasha da ke tsallaken kogin, ɓangaren Amurka, ta isa birnin Bafalo mai nisan sama da kilomita 30. Irin wutar ce ke cikin soket ɗin ɗakinku yau.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin Tesla shi ne mahaifiyarsa. Matar ƙauye ce da ba ta taɓa zama a aji ba, amma tana ƙirƙirar 'yan kayan aikin gida da hannunta don ta sauƙaƙa wa kanta wahala, shi da kansa ya ce a wurinta ya gaji basirar. Na tuna Hajiyarmu da yadda take gyara risho da keken ɗinki ba tare da ta kira kowa ba. Na ce a raina, Allah kaɗai ya san injiniyoyi nawa ne suka tsufa a bakin murhu.

Daga nan aka ce saura rami. Muka shiga wata lifta mai bangon gilashi, ta yi ƙasa da mu mita 55, muna wuce hawa-hawa na tsofaffin ƙarafa da bututu masu tsatsa, ni dai ina ta salati a zuci. Da ƙofa ta buɗe sai wani sanyi ya buso. Wannan shi ne ramin da ruwa ke bi ya koma kogi, tsawonsa mita 670, faɗinsa kuwa babbar mota za ta shige, an lulluɓe bangonsa da jan bulo. Da diga da shebur da nakiya aka haƙa shi, ma'aikatan suna haska gabansu da fitilar hannu. Ku duba fa, mutanen da suka haƙa wa lantarki hanya, su a duhu suka yi aikinsu.

Mijin Auta ya yi gaba da jaririya a keken turawa, ya bar mu a baya. Yanzu na gane da gangan ya yi. Muna cikin tafiya sai Auta ta sassauta murya ta ce, "Yaya, 'yarki ta kira ni shekaranjiya tana kuka. Ta ce kin ce ba za ta shiga ajin kimiyya ba."

Gabana ya faɗi. Kun san 'yar fari ba a faɗin sunanta, to yarinyar nan ta gidana ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, an ba su takardar zaɓen aji. Ita kimiyya take so. Ni kuwa kafin in taho na ce mata ta rufa wa kanta asiri ta ɗauki mai sauƙi, fiziks da lissafi ba wasa ba ne, kada ta je ta faɗi jarrabawa ƙawayenta su wuce ta, kuma karatun injiniya shekara biyar ne, yaushe za ta gama ta yi aure? Na maimaita wa Auta waɗannan dalilai, amma ko a kunnena ba su yi daɗi ba.

Ta yi shiru, can ta ce, "Irin maganar da kika zo kika faɗa mini ke nan a ɗakin Hajiya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, ga shi kuwa dama a ƙarƙashinta muke. Lokacin Auta tana ajin ƙarshe wani mai hali ya fito neman aurenta, da sharaɗin ba maganar jami'a. Dangi suka ga samu, aka rasa mai tunkararta sai ni, don ta fi jin maganata. Na zaunar da ita na ce karatu ba ya ƙarewa amma miji na gari wuya gare shi, me mace za ta yi da hawa turken wuta? Ta yi kuka kwana uku. Allah ya ji ƙan Baba, shi ne ya ce a ƙyale masa 'ya, wanda ke son ta zai jira. Wancan bai jira ba. Wannan da ke gabanmu yana tura 'yarsa a keke, a jami'a suka haɗu, shi ya riƙa raka ta laburare.

Ban taɓa ba ta haƙuri ba sai ranar, a cikin ramin nan. Na kuma faɗa mata gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ma ina son lissafi har aji uku. Rana ɗaya na kasa wani aiki a allo, aka yi mini dariya, wani malami ya ce dama kan mata ba na lissafi ba ne. Daga ranar na tattara na koma bayan aji. Tsorona ne na ɗauka na ɗora wa ƙanwata, yanzu kuma zan ɗora wa 'yata, ina kiransa kishin uwa.

Auta ta ce in daina kuka mutane na kallonmu. Ta ba ni labarin wata Ba'amurkiya Edith Clarke, marainiya tun tana shekara 12, wadda ta kashe ɗan gadonta a karatun lissafi, ta zama mace ta farko da ta sami digiri na biyu a injiniyan lantarki a babbar makarantar fasaha ta MIT a 1919. Da ta gama ba a ɗauke ta aikin injiniya nan take ba don tana mace, amma daga baya ita ce ta ƙirƙiro wani ma'auni da ya sauƙaƙa lissafin dogayen layukan wuta, a 1947 kuma ta zama farfesa a jami'ar Texas. Ta ce, "Hotunan da muka gani a sama duk maza ne, Yaya, don a lokacin ba a buɗe wa mata ƙofar ba. Yanzu a buɗe take, kada mu ce da hannunmu za mu rufe."

Muna haka sai ga haske a gabanmu. Ramin ya fito da mu wani dandamali a bakin kogi, can ƙasa, ruwan yana zubowa kusa da mu, feshinsa ya jiƙa mana mayafai sharkaf. A nan mijin Auta ya ƙara mini wani abin mamaki. Ashe ruwan da masoya ke kallo ma da awo ake sakinsa. Tun 1950 Kanada da Amurka suka ƙulla yarjejeniya a kan adadin da dole a bari ya zubo da rana a lokacin baƙi, da dare kuwa da lokacin hunturu an yarda a rage shi zuwa rabi, sauran a karkatar da shi zuwa tashoshin wuta. Sababbin tashoshin suna can gaba inda ruwan ya fi samun tsayin faɗowa, suna fitar da wuta mai yawa da ruwa iri ɗaya. Wannan na cikin dalilan rufe tsohuwar, ga shi kuma irin bugun wutarta, sau 25 a daƙiƙa, ya zama tsohon yayi, don can yanzu 60 ake amfani da shi, mu kuma a nan 50.

A hanyar komawa na tambayi Auta ko mu ma muna da irin wannan. Ta ce sosai ma. Tun wajajen 1930 ake samar da wuta da ruwan Kurra a ƙasar Jos saboda masu haƙar kuza. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 a kan kogin Kwara an gina ta da ƙarfin megawat 760, wato kusan ninki goma na wannan tashar da ta ba ni mamaki. Ga ta Jebba ta 1985, ga Shiroro ta 1990 a kan kogin Kaduna, ga ta Zungeru da aka kammala a 2023. Bambancin kawai, mu ba mu da gangare irin na Nayagara a wuraren, shi ya sa ake tare kogi da bango ruwa ya taru ya yi tsayi. Kuma abin bai zo a banza ba, don sai da aka tashi mutane sama da 40,000 saboda tafkin Kainji, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa yanzu haka. Mafi yawan wutar ƙasarmu da iskar gas ake samar da ita, amma wani kaso na hasken da kuke karanta wannan shafi da shi daga waɗannan koguna ya fito. Na ce ina ma a ce muna da gidan tarihin lantarki da za a riƙa kai 'yan makaranta kamar yadda ake kai su Gidan Makama.

A daren na kira gida. Yarinyar ta ɗauka murya ƙasa-ƙasa, ta ce an ɗauke wuta tun magariba, da fitilar waya take karatu. Na ce, "Ke, takardar nan ta zaɓen aji, kin mayar?" Ta ce a'a, tana cikin jakarta. Na ce, "To ki cike abin da kike so, in Abbanku ya dawo ya sa hannu, ni zan yi masa bayani." Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunnena.

Kada ku ce daga nan komai ya zama zuma. Gwajin fiziks na farko 9 ta ci cikin 20, ta dawo ido ya yi ja. Da can ne da na ce ai na faɗa miki. Wannan karon sai na ce ta ɗauko littafin mu kira Antinta. Sannu ba ta hana zuwa.

To 'yan matana, ba cewa nake kowa sai ta zama injiniya ba. Ni ɗin nan da alƙalami nake ci, kuma ban raina shi ba. Wadda zuciyarta ke ga adabi ko shari'a ko kasuwanci ta bi abinta da ƙarfinta. Magana nake da wadda ke son kimiyya amma tsoro ko surutun ƙawaye ko wani saurayi ya sa take ja da baya. In kin faɗi gwaji ɗaya ki sake zama, ba a kanki aka fara ba. In ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki yi tambaya, dariyar minti ɗaya ta fi jahilcin shekara arba'in sauƙi, ni shaida ce. Wanda kuma ya zo da maganar aure, ki sa iyayenki su tambaye shi matsayinsa a kan karatunki tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a yi ta a gaban manya. Ku kuma iyaye mata da na san kuna leƙa wannan shafi in yaran sun tafi makaranta, mu binciki kanmu, wani hanin da muke yi tsoronmu ne na da.

Ga ɗan aiki na ba ku kafin fitowa ta gaba. Ku nemi keke mai irin fitilar nan ta jikin taya, ku ɗaga ƙafar ku juya ta da hannu, a hankali sannan da sauri, ku ga abin da fitilar za ta yi. Amma don Allah ban ce wata ta je ta taɓa soket ko wayar gida ba, lantarki ba ya wasa. 'Yan ajin kimiyya kuma ku roƙi malamanku su nemi izini a kai ku ziyara Shiroro ko Kainji. Wadda ta gwada ta rubuto mini abin da ta gani, zan buga wasiƙun da suka fi burge ni.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaishe mini da su Mama.

Taku har kullum,
Antinku.